Salisu Yusuf: da wane ma'auni za mu auna shi?

A cikin masu horar da 'yan ƙwallo da Arewa ta haifa, da wuya a sami wanda ya raba kawunan jama'a kamar Salisu Yusuf, ɗan Zariya. Daga majalisun Kano har gidajen kallon ƙwallo na Haɗeja da Auyo, wasu na ganin gwarzo ne da aka yi wa ƙulli, wasu kuwa na ganin mutum ne da ya zubar da girmansa da hannunsa. Ni a ganina, ba za a yi masa adalci ba sai an ɗora ɓangarorin biyu a kan sikeli ɗaya.

Batun iya aiki dai babu jayayya. Ya horar da Kano Pillars, ya ci Kofin Tarayya da Enyimba a 2013, kuma da aka ba shi riƙon Super Eagles a 2016 ya doke Mali da Luxembourg a wasannin sada zumunta. A 2018 ya kai 'yan wasan cikin gida wasan ƙarshe na gasar CHAN a Maroko, inda masu masaukin baƙi suka lallasa su da ci 4 da nema, sannan ya yi wa Gernot Rohr mataimaki a gasar cin kofin duniya ta Rasha.

To amma idan mai karatu bai manta ba, a watan Yulin shekarar ne BBC ta nuna bidiyon ɗan jaridar Ghana, Anas Aremeyaw Anas, inda aka ga Salisu yana karɓar kuɗi daga wasu da suka yi shigar wakilan 'yan wasa. An ce dala 1,000 ne, shi ya ce 750 ne, kuma kyauta ce wadda ba ta shafi zaɓen kowa ba. Hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, NFF, ta dakatar da shi shekara guda tare da tarar dala 5,000, daga baya kuma ta mayar da shi bakin aiki.

Masu kare shi suna cewa gaisuwa al'adarmu ce, kuma kuɗin bai taka kara ya karya ba. Tambayata a nan ita ce: da ba shi ne mai rubuta sunayen 'yan wasa ba, wa zai miƙa masa ko sisi? Kyautar da kujera ta jawo, kujerar aka yi wa, kuma mai bayarwa yana jiran sakayya ko da bai furta ba.

Wanda abin ya fi cutarwa shi ne yaron da ke taka leda a filin makarantar firamare a Auyo bayan ya taso daga gonar shinkafa. Ba shi da wakili, ba shi da uba a gindin murhu, ƙafarsa ce kaɗai jarinsa. Ranar da ya yarda cewa sai da ambulan ake shiga jerin sunaye, ranar zai rataye takalmi, kuma asarar ta ƙasa ce baki ɗaya.

Mu ma'aikata kuwa, likita da malamin jami'a da mai duba fayil, bai kamata mu yi saurin nuna shi da yatsa ba, domin irin wannan gaisuwa tana shiga ofisoshinmu kullum, sai dai babu kyamara. Haka kuma kare shi don kawai namu ne zai nuna cewa ma'auninmu biyu ne, ɗaya na gida, ɗaya na baƙo.

Salisu ya yi zaman hukuncinsa, ba na goyon bayan a ci gaba da jifansa. Amma duk wanda zai rubuta tarihinsa, wajibi ne ya rubuta kofin 2013 da lambar azurfar 2018 tare da wancan bidiyo, don masu tasowa su san cewa ƙwarewa ba ta wanke hannun da ya karɓa. Allah Ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu.