Dabarun Gida: Mahaɗin Wayar Injin Keken Lantarki

A wannan fitowa za mu tsaya ne kan wani abu da kaurinsa bai wuce na babban yatsa ba, amma shi kan sa magidanci ya jingine keken lantarkin da ya saya da tsada, ko ya biya kuɗin sabon inji alhali tsohon lafiyarsa lau. Ina nufin mahaɗin wayar da ke fitowa daga injin da ke tsakiyar ƙafar keken, ta nufi akwatin sarrafa wuta.

A yawancin ƙananan kekunan da ake ƙerawa a ƙasar Sin, masu batirin bolt 36 ko 48, wannan mahaɗi baƙi ne, kewayayye, mai haƙora 9. Uku daga ciki manya ne, su ke ɗaukar wutar da ke juya inji, wayoyinsu kuwa rawaya da kore da shuɗi. Sauran shidan sirara ne. Ja da baƙi suna kai bolt 5 ga wasu 'yan na'urori uku da ke cikin injin, waɗanda ake kira da sunan Edwin Hall, Ba'amurken da ya gano hikimar aikinsu a 1879. Uku suna komo wa akwatin da labarin inda maganaɗisun injin yake, fara kuma galibi ta awon gudu ce ko ta zafi. Siririya ɗaya tak ta na'urorin Hall in ta yanke, sai keke ya yi ta kakkarwa da gurnani ya ƙi tashi. A allon kekunan da ke da kayan Bafang, lamba 08 ke nuna wannan ciwo.

Ɓarnar takan faro ne a wurin mai faci. Ba laifinsa ba ne ƙwarai, domin ya saba da keken da ba shi da jijiya. Zai fizge mahaɗin don ya cire ƙafa, in ya gama ya mayar da shi rabi da rabi. To, akwai kibiya a kowane ɓangare. Wajibi ne su dubi juna, sannan a tura da ƙarfi har ya shige sarai. Haƙorin da bai zauna ba zafi yake yi idan wuta mai yawa ta bi ta cikinsa, balle a bazarar Yamai ko Damagaram da zafi ke haura digiri 40, ga kuma hawan yashi da kaya. Kafin a ankara roba ta narke, manyan wayoyi sun taɓa juna. Alamar hakan ita ce ƙafar ta yi nauyi ko da an kashe keken ana tura shi baya da hannu. A lura kuma da inda wayar ke fitowa daga ƙarfen tsakiyar ƙafa: a karkata ta ƙasa don kada ruwan damina ya bi ta zuwa cikin inji, a ɗaure noti tam, gama in ƙarfen ya juya a mazauninsa, murɗe wayar zai yi ya tsinke ta.

Wanda zai nemi sabo, ya tafi da tsohon a aljihu, ko aƙalla hotonsa ta fuskar haƙora. Ya ƙirga su, ya duba ko namiji yake nema ko tamata. Kamfanonin Julet da Higo su ne sanannu, ƙirar Z910 kuma ita ce aka fi samu a ƙananan injuna, amma kamar da wane ba ta wane: akwai masu haƙora 8, akwai masu 3 kawai na injin da ba shi da na'urorin Hall, manyan injuna kuma nasu daban ne. Idan ba a sami irinsa ba, gara a sayi biyun, namiji da tamata, a sauya su tare.

Abin da ba na goyon baya shi ne a yanke mahaɗi, a murɗa wayoyi da hannu, a naɗe da salatif. Zai yi aiki na ɗan lokaci, sannan ya saki a tsakiyar titi da yaro a baya. A cire batiri tukuna, a danna makunni don ragowar wutar akwatin ta fita, a liƙe kowace waya da dalma, a sa mata tata rigar roba mai tsukewa da zafi, a kuma rarraba wuraren liƙin kada su taru wuri guda.

Launi ma ba hujja ba ne a kullum, domin maƙera ba su haɗu kan tsari ɗaya ba. Saboda haka a ɗaga ƙafar sama, a ba ta wuta kaɗan kaɗan. In ta juya sumul babu ƙara, madalla. In ta yi baya, ko ta yi gurnani, ko wayoyin suka ɗumama, a kashe nan take a sake jera su, tun akwatin bai ƙone ba.