Zauren Iyali: Ba a Raba Kuɗin Wuta da Ƙidayar Ƙwan Fitila



A watan Afrilun 2024, kwanaki kaɗan bayan ƙaramar Salla, mahaifina ya tashe ni daga nan Rai Buba zuwa Garwa, gidan yayansa da muke kira Baffa, a unguwar Yelwa. Labari ya iso mana cewa 'ya'yan Baffa maza biyu, waɗanda ke zaune da iyalansu a gida ɗaya da shi, sun daina cin abinci tare a zaure, matansu kuma sun daina gaisawa a tsakar gida. Na tafi da tunanin maganar gado ce ko ta fili, don su ne suka saba raba 'yan uwa. Da na isa sai Baffa ya ɗaga shimfiɗarsa ya zaro takardar kuɗin wuta, wadda muka fi sani da faktir, ya miƙo mini, ya ce, "Ɗana, ga abin da zai tarwatsa mini gida. Kai da ka yi boko, karanta ka gaya mini wanda ke cutar wani."

Tsarin gidan irin wanda kowa ya sani ne. Mita ɗaya ce, wato kontar, a jikin bangon zaure, sassa uku suna sha daga gare ta. Idan takarda ta zo sai a ƙidaya ƙwayayen fitila na kowane sashe a raba kuɗin a kansu. Baffa yana da shida, saboda fitilar zaure da ta ƙofar gida da ta tsakar gida duk a kansa suke. Babban ɗansa yana da biyar, ƙaramin yana da uku. Babban yana zargin ƙaramin da cewa firizar matarsa ce ke cinye wutar, ƙaramin kuma yana cewa ai yaran yayansa ne ke kwana da talabijin a kunne. Babu wanda ya taɓa ɗaukar alƙalami.

Ban ga laifin wanda ya ƙirƙiro wannan rabo ba. Baffa ya sa mitarsa tun zamanin Sonel, kafin kamfanin ya koma AES-Sonel a 2001, sannan Eneo a 2014. A wancan lokaci abin da ke shan wuta a gidan talaka shi ne ƙwan fitila mai zare, mai wat 60 ko 100, sai rediyo, saboda haka wanda ya ƙidaya ƙwai ya ƙidaya wuta. Yau ƙwan ya zama mafi ƙarancin ci a cikin kayan gida, amma ƙa'idar tana nan inda kakanni suka bar ta.

Lissafin ba shi da wuya, ɗan aji shida zai iya. Kowane kayan lantarki yana da ƙarfinsa a rubuce, a bayansa ko a ƙarƙashinsa: lamba ce da harafin W a gabanta, wato wat. Ka ninka lambar da yawan awoyin da kayan ke aiki a rana, ka ninka da kwana 30, ka raba da 1,000. Abin da ya fito shi ne wanda ake rubutawa kWh a takarda, jama'a kuma suna kiransa kilowat, haka ni ma zan kira shi. Alal misali ƙwan zamani mai wat 9, idan yana ci awa 6 kowane dare, bai wuce kilowat 1.6 a wata ba. Tsohon ƙwai mai wat 60, a wannan awoyin, zai sha kusan 11. Fanka mai wat 60 da ke juyawa awa 12 a rana tana shan kusan 22, wato ita kaɗai ta fi ƙwayayen zamani goma sha uku. Cajin waya kuwa, wanda iyaye ke yawan yi wa yara faɗa a kansa, ba ya kai ko kilowat ɗaya a wata.

Da wannan ma'auni muka zaga gidan, ni da wani jikan Baffa ɗan sakandare, ɗaki ɗaki, bayan mun nemi izini. A sashen Baffa fitilu shida da fanka ɗaya suka ba mu kilowat 32. A sashen babban ɗa, fitilu biyar, fanka biyu, talabijin da akwatin tashoshinta da ba a kashewa dare da rana, da dutsen guga na awa biyu a mako, duka suka tashi 75. A sashen ƙaramin ne muka daɗe. Fitilunsa uku da fankarsa ba su wuce 27 ba. Amma akwai firiza mai wat 150, wadda a zafin bazarar Garwa, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40, injinta ke aiki kamar awa 16 a rana: kilowat 72 ke nan. Akwai kuma butar lantarki mai wat 1,500 da ake tafasa ruwan shayi da na zoɓo, rabin awa kullum, ita ma ta haura 22. Sashen ya tashi 122. Jimillar gidan ta zama 229, takarda kuma ta nuna 236, ratar da ta rage ta cajin waya ce da rediyo da abin da ba mu gani ba.

A nan gaskiya ta fito. A cikin kowace sefa 10,000 da ake biya, Baffa yana bayar da kusan 4,300, alhali wutar da ya sha ba ta wuce ta 1,400 ba. Ƙaramin ɗa yana biyan kusan 2,100, ya sha ta 5,300. Babban, wanda ya fi kowa ɗaga murya, shi ne wanda rabon bai cuta sosai ba. Tsohon da bai taɓa yin ƙorafi ba shi ne ke ɗauke da kayan gidan, da ɗan kuɗin da 'ya'yansa mata ke aiko masa.

Wajibi ne in yi wa amaryar ƙaramin adalci, don ba da gangan ta yi ba. Da firizar nan take sayar da ƙanƙara da zoɓo, wanda a nan muka fi kira folere, da ribar take saya wa yaranta littattafai. Ta gaya mini daga bayan labule cewa ita a ganinta tun da firiza ba ta haske, ba ta kai fitila ci ba. Mutane da yawa haka suke zato. Ƙa'idar da ya kamata kowace uwargida ta riƙe ita ce: duk abin da aikinsa dumama ne ko sanyaya, shi ne mai cin wuta. Dutsen guga, butar lantarki, murhun lantarki, firji, firiza, sai babbansu, na'urar sanyaya ɗaki, wadda mai wat 1,000 a cikinta, awa 8 a dare, za ta sha har kilowat 240 a wata, fiye da gidan Baffa kakaf.

Akwai asara ta biyu da haɗa mita ke jawowa, wadda ba kowa ke lura da ita ba. Farashin wuta a Kamaru hawa-hawa ne. Jadawalin da hukumar kula da harkar lantarki, ARSEL, ta fitar a 2012, wanda aka yi shekara fiye da goma ana aiki da shi, ya sa wa gidajen zama sefa 50 kowane kilowat ga wanda bai wuce 110 a wata ba. Daga 111 zuwa 400 farashin ya koma 79, daga 401 zuwa 800 ya koma 94, sama da haka 99. Dokar kuɗi ta 2019 kuma ta ɗauke harajin TVA, mai kashi 19.25 cikin ɗari, ga gidan da bai wuce kilowat 220 ba. An yi matakin farko ne don a sauƙaƙa wa mai ƙaramin ƙarfi. To amma mita ba ta san yawan magidantan da ke bayanta ba, jimilla kawai take gani. Da Baffa da babban ɗansa kowa yana da tasa, da dukansu suna matakin sefa 50, kuma wutar Baffa ta wata ba za ta wuce ta sefa 1,600 ba, ban da ƙananan kuɗaɗen da ke bin takarda. Da aka haɗa su sai gidan ya haye 110, ya kuma haye 220, ya faɗa cikin haraji da ratar kilowat 16 kacal. Kowa ya duba takardarsa ta bana, farashin kilowat ɗin da aka yi masa lissafi da shi yana rubuce a jiki.

Mafita biyu na shimfiɗa musu. Ta farko ita ce ƙaramar mita da ake sayarwa a shagunan kayan lantarki, a sa wa kowane sashe tasa a bayan babbar. Tana nuna rabon kowa, tana kashe gardama, amma ba ta sauko da gida daga mataki mai tsada. Ta biyu ita ce mai firiza ya je ofishin kamfani ya nemi mitarsa da sunansa. Akwai kuɗin haɗawa da jira, amma ita ce ke raba gardamar daga tushe. Ga masu son mitar da ake saya wa wuta tun kafin a sha, wadda ake biya ta waya a karɓi lambobi 20 a danna, amfaninta shi ne mutum yana ganin abin da ya rage masa kullum. Sai dai a gidan haɗaka ita ma tana da nata rikicin, domin idan ta ƙare da tsakar dare kowa jira yake wani ya saya.

Abin da ban yarda da shi ba, kuma na faɗa musu a fili da wani maƙwabci ya kawo shawarar, shi ne kiran yaron da zai taɓa mita ko ya ja waya ta bayanta. Cin haƙƙi ne, akwai tara mai nauyi idan an kama, kuma irin waɗannan wayoyin da aka murɗa da hannu aka naɗe da leda su ne ke tayar da gobara a lokacin da kowa ke barci.

Ita kanta firizar mun rage mata ci ba tare da an kashe sana'ar ba. Mun same ta a rumfar kwano kusa da murhu, manne da bango, rana na dukanta daga azahar. Aka mayar da ita inuwa, aka bar tazarar tafin hannu tsakaninta da bango don zafin bayanta ya samu hanyar fita. Na sa takarda a bakin murfin na rufe, na ja, ta zare ba wahala, alamar robar ta saki ke nan, sanyi yana tsiyaya. Aka canza robar, aka kankare ƙanƙarar da ta yi kauri a jikin bangonta, aka kuma daina zuba zoɓo a ciki yana da ɗumi. Tsohuwar firiza ta gwanjo tana da araha ranar saye, amma sau da yawa abin da aka rage a kasuwa a takardar wuta ake biyansa.

Wani abu da ya ba ni mamaki a wannan tafiya shi ne, mutanen ƙauyukanmu na Mayo Rai, waɗanda faifan hasken rana da batir ɗaya ne duk wutarsu, sun fi mutanen birni sanin wannan lissafi. Mai faifai ya san fitila nawa batirinsa zai ɗauka zuwa asuba, ya san ranar da ya jona dutsen guga a duhu zai kwana. Alhali Arewa gaba ɗaya ba ta da bambanci da mai batir ɗin. Ruwan Mayo Rai da ke wucewa ta gefen garinmu yana gangarawa ne tafkin Lagdo a kan Binuwai, inda madatsar da aka kammala a 1982 take da injuna huɗu masu ƙarfin megawat 72 a haɗe, kuma shekaru da dama ita ce ginshiƙin wutar Garwa da Marwa da Ngaundere. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da kowace fanka da kowace firiza ke aiki ba hutu, shi ne kuma lokacin da tafkin ya fi ja baya. Ba mu manta da 2021 ba, shekarar da ƙarancin ruwa ya sa aka yi ta raba wuta unguwa unguwa. Tashoshin hasken rana na Gidar da Marwa, da aka ƙaddamar a 2023, sun kawo sauƙi, amma ba su mayar da wuta abin wasa ba.

Kafin in baro Garwa na saya wa jikan Baffa littafi mai shafi 32, na ce kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya rubuta lambar da ke fuskar mita da kwanan wata. Idan takarda ta zo ya gwada tsohuwar lamba da sabuwa da abin da ya rubuta, in sun saɓa da yawa a tafi ofis da littafin a hannu. Na kuma nuna masa yadda ake kashe komai na gida a tsaya a gaban mita: idan ta ci gaba da ƙirga, to ko wuta na zuba ta wata lalatacciyar waya, ko wani yana sha ba da sani ba.

Ƙaramin ɗan bai ji daɗin lissafin ba, ya yi kwana biyu bai yi mini magana ba. A na uku ya zo zaure da kansa ya ce, "Yaya, ka lissafa mini abin da Baffa ya biya a madadina tun da aka kawo firizar nan." Baffa ya hana, ya ce ya yafe. Suka tsaya a kan ƙananan mitoci uku, fitilar zaure da ta ƙofar gida kuma a raba kuɗinsu gida uku, kafin ƙaramin ya tara na tasa mitar. A takardar watan Yuni, bayan ruwa ya sauka an rage kunna fanka, gidan ya tashi kilowat 171, rabon Baffa a ciki 21.