Goge fitila ba gyaran mota ba ne

Duk wanda ya saba hawa motar haya daga Kwanar Ɗangora zuwa Tudun Wada ko Doguwa ya san fitilar nan ruwan ɗorawa mai siffar inji da ke ci a gaban direba. Wasu sun liƙe ta da baƙin salatif, wasu kuwa sun saba da ita har ba sa ganinta. A ganina wannan sakaci ne mai tsada, kuma direbobi da makanikai duk suna da kaso a laifin.

Tun 1996 Amurka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a ƙasarta tsarin OBD-II, Turai ta bi sahu a 2001 ga masu shan fetur. Don haka yawancin motocin Kwatano da ke hannunmu suna da 'yar kwamfuta, wadda makanikai ke kira birenbos, mai lura da iska da mai da hayaƙi. Idan ta ga abin da ya saɓa, sai ta ajiye lamba ta kunna fitila. Akwai kafa mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'urar karanta lambar.

Inda ake ɓata lissafi shi ne ɗaukar lambar tamkar hukunci. Lambar P0171, alal misali, cewa kawai take yi iska ta rinjayi mai a cikin inji. Ba ta faɗi dalili ba. Yana iya zama tiyo ne ya tsage, ko ƙurar hunturu ta toshe ma'aunin iska, ko famfon mai ya raunana. Na taɓa biyan kuɗin sabon sanso daga Ƙofar Ruwa a kan wannan lamba, bayan kwana uku fitilar ta dawo. Ashe tsagar tiyo ce wadda ba ta kai tsawon yatsa ba. Makanikin da ya gano ta kunne ya kasa, ya ji hucin iska.

Mafi muni shi ne mai na'urar da zai karɓi kuɗinka, ya danna maɓalli ya goge lambar, ya ce an gama. Cire kan batir ma yakan yi haka a wasu motocin. Cutar tana nan, bakin mai ba da labari kawai aka toshe.

Sai batun indomi, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa. Ana cire ta ne saboda ƙarafa masu daraja da ke cikinta, sau da yawa da hujjar wai mota za ta ƙara gudu. Da zarar an cire, lambar P0420 takan fito ta zauna daram. Illar ba ta tsaya a hayaƙi ba: fitilar da kullum take kunne ba ta da yadda za ta sanar da kai sabuwar matsala. Ranar da kwayil ya fara mutuwa, ko filogi ya daina ba da wuta, saƙon zai iso wurin direban da ya daɗe da daina dubawa. Alhali idan fitilar tana ƙyaftawa, nufinta inji na tsallake wuta sosai, a tsaya. Wanda ya san dajin Falgore bayan magariba ya san ba wurin buɗe bonet ba ne.

Na san uzurin direba. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowace naira da lissafinta, kuma zuwa Kano don a duba mota yini ne guda babu lodi. Sai dai injin da ke tsallake wuta ɗanyen mai yake zubarwa ta salansa, kuɗin da aka ƙi ba makaniki a gidan mai ake barinsa.

Ƙaramar na'urar da ake haɗawa da wayar hannu ba ta fi ƙarfin ƙungiyar direbobin tasha guda ba. Su saya, su zaɓi yaro ɗaya daga garejin Bebeji ko Kiru su tura shi ya koyi fassara lamba da gwaji kafin canza kaya. Kai kuma mai mota, ka nemi a rubuta maka lambar a takarda kafin a goge ta.