Kafin a aza harsashin katafariyar kwamfutar ƙasa

Rubutun yau ya ɗan yi tsawo, sai ku yi haƙuri da ni.

Kwanan nan maganar ƙirƙirarriyar basira ta cika ko'ina, kuma cikin abubuwan da ake ta kira a yi har da gina wa Najeriya cibiya guda ta ƙasa mai katafariyar kwamfuta, wadda masu bincike za su riƙa amfani da ita. Ma'aikatar sadarwa ƙarƙashin Dakta Bosun Tijani ta fitar da daftarin tsarin ƙasa kan wannan fanni a 2024, akwai cibiyar NCAIR a Abuja ƙarƙashin NITDA, ga kuma shirin 3MTT na horar da matasa miliyan uku. Duk waɗannan a ƙarshe wuri ɗaya suke komawa: wanda aka koya wa aikin, a wace na'ura zai yi shi?

Ni dai ina goyon bayan a gina. Amma a matsayina na wanda ya daɗe yana ganin yadda fayil ke tafiya daga teburi zuwa teburi, akwai abubuwan da ke sa gabana faɗuwa, kuma su nake so mu tattauna.

Da farko, mece ce ita wannan kwamfutar? Dubban ƙananan na'urori ne aka haɗa a babban ɗaki, suna aiki tare kamar abu ɗaya. Na'urar da aka fi buƙata wajen koyar da manhajojin ƙirƙirarriyar basira ita ce wadda ake kira GPU, kuma kamfanin Nvidia na Amurka ne ya mamaye kasuwarta. Lissafin da laptop ɗinka zai yi shekaru bai gama ba, ita za ta iya kammala shi cikin kwanaki.

Na san abin da wasu za su rubuto a ƙasa: "Malam, mutane na fama da yunwa, kai kana maganar kwamfuta." Maganarku tana kan hanya, ba na raina ta. Sai dai ku duba wani abu. Hasashen yanayi da NiMet ke fitarwa kowace shekara, wanda manomi a Jigawa ke jira kafin ya yi shuka, lissafi ne mai nauyi da ke buƙatar irin wannan na'ura. Gano inda ambaliya za ta bi tun kafin ta zo ma haka ne, kuma ba mu manta da abin da ya faru a Maiduguri a Satumbar 2024 ba, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle. Ga binciken cututtuka da na iri. Ga harshenmu kansa. Duk wanda ya taɓa yi wa irin waɗannan manhajoji magana da Hausa ya san yadda suke kwaɓa ta, suna kawo wata Hausa da ba a taɓa ji a Kurmi ba. Akwai matasanmu, irin 'yan ƙungiyar HausaNLP, da ke ta ƙoƙarin gyara wannan, amma sau da yawa sai sun nemi tallafi ko aron na'ura daga waje. Ɗalibin digiri na uku da ke biyan hayar kwamfuta da dala daga aljihunsa, a wannan farashin na canji, yaushe zai yi nisa?

To buƙata dai akwai ta. Yanzu ga inda gizo ke saƙa.

Na ɗaya, wuta. Frontier ta Amurka, wadda ta zama ta ɗaya a duniya a 2022, tana shan wutar da ta haura megawat 20. Mu kuwa duk ƙasar, mutum sama da miliyan 200, abin da ke zuwa kan layin ƙasa yawanci tsakanin megawat 4,000 ne zuwa 5,000. Ba ma sai mun je kan Frontier ba. Mu ɗauki matsakaiciyar cibiya mai GPU guda 1,000 samfurin H100. Kowace ɗaya tana iya shan wat 700. Idan ka haɗa da sauran kayan da ke riƙe da su da na'urorin sanyaya, kana maganar kusan megawat ɗaya da rabi, dare da rana, babu hutu. Na zauna na lissafa a farashin Band A, wanda ya haura naira 200 kowane yunit: kuɗin wuta kaɗai zai doshi naira biliyan uku a shekara. Wannan fa idan wutar ta tsaya kenan. Mu 'yan Arewa mun tuna Oktoban 2024, da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, jihohi da yawa suka kwashe fiye da mako guda cikin duhu. Ita wannan na'urar ba firij ba ce da za a ce a bari wuta ta dawo. Aikin da aka yi makonni ana yi zai iya tsayawa, kayan da aka saya da dala su lalace saboda zafi. Idan kuma aka ce da janareta za a riƙe ta, to mai kwangilar dizal ne zai fi kowa cin moriyar ƙirƙirarriyar basira a Najeriya.

Ku duba yadda Finlan ta yi. Sun ajiye tasu, mai suna LUMI, a garin Kajaani, cikin tsohuwar masana'antar takarda, saboda dama akwai layin wuta mai ƙarfi a wurin. Da wutar ruwa take aiki, zafin da take fitarwa kuma ana tura shi ya ɗumama gidajen garin. Wato sai da suka nemo inda wuta take sannan suka kai na'urar. Mu kuma na san halinmu, za a fara da rigimar wace shiyya ce za ta samu. Ni ban damu ko a Kudu ko a Arewa ba. A kai ta inda za a ja mata layi kai tsaye daga tashar wuta, ko kusa da Kainji, ko Shiroro, ko Zungeru mai megawat 700, ko gefen wata tashar iskar gas. Mai bincike ba sai ya je ya taɓa ta da hannu ba, ta intanet zai shiga daga Sakkwato ko Kalaba.

Na biyu, kuma wannan shi ne fannin da na fi sani: kasafin kuɗi. A tsarinmu, kuɗin gini yana da masoya. Akwai kwangila, akwai bikin aza harsashi, akwai allo mai ɗauke da sunan mai girma. Kuɗin gudanarwa kuwa maraya ne. A wani ofis da na taɓa aiki, an kawo mana manyan kwamfutocin adana bayanai sababbi fil, aka yi biki aka ɗauki hoto. Bayan wata takwas na'urar sanyaya ɗakin ta lalace. Takardar neman kuɗin gyara ta yi wata da watanni tana yawo, ana rubuta mata "a jira sakin kuɗi". Kafin kuɗin su fito, kayan sun riga sun gasu. Kuɗin gyaran bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin kayan ba. Duk ma'aikacin gwamnatin da ke karanta wannan yana da labari irinsa.

Abin da ya sa wannan ya fi haɗari a nan shi ne, ita katafariyar kwamfuta ba ta jira. Titi idan an gina shi da kyau zai yi shekara ashirin. Waɗannan na'urori cikin shekara biyar zuwa shida sun zama tsohon yayi. Duk watan da suka yi a kulle ana jiran a zo a buɗe, asara ce da ba ta dawowa. Ajaokuta ta yi shekara arba'in da wani abu tana jira, har yau ana cewa za a farfaɗo da ita. Wannan kuwa idan ta kwana biyu a ajiye, sai dai 'yan gwangwan.

Na uku, mutane. Injiniyan da ya iya riƙe irin wannan cibiya, kamfanonin waje na nemansa ido rufe, suna biya da dala, wani ma yana zaune a ɗakinsa a Kaduna zai yi musu aikin. Mu kuma sai mu ce za mu ɗauke shi a mataki na 9 ko na 10, ya jira ƙarin girma bayan shekara uku. Wallahi ba zai zauna ba. Za mu kashe kuɗi mu tura shi horo, ya dawo ya yi wata shida, ya ajiye takarda. In ba a cire ma'aikatan wannan wuri daga tsarin albashin da muke kai ba, aka kuma ɗauke su ta hanyar jarrabawa ba ta katin ɗan majalisa ba, to gini kawai za mu samu.

Ba sai mun je Turai neman misali ba. Afirka ta Kudu tana da cibiyar CHPC a Cape Town, kuma a 2016 ta ƙaddamar da kwamfutarta mai suna Lengau, wadda jami'o'in ƙasar suka daɗe suna amfani da ita. Maroko ta ƙaddamar da Toubkal a 2021 a Jami'ar Mohammed VI da ke Ben Guerir. Abin lura, dukkansu a hannun masu bincike aka bar su, ba a ƙarƙashin ofishin wani ɗan siyasa ba. Indiya kuma ta bi wata hanya a shirinta na 2024: ta sa kamfanoni masu zaman kansu su kawo na'urorin, fiye da 10,000, gwamnati ta riƙa rage wa ɗalibai da ƙananan kamfanoni kuɗin haya. Ko Birtaniya da kuɗinta, a 2024 sabuwar gwamnati ta soke aikin fam miliyan 800 da aka tsara yi a Edinburgh, sai a 2025 aka dawo da shi. Idan canjin gwamnati ya girgiza irin wannan aiki a can, ina ga nan?

Don haka ga abin da nake gani, kuma ra'ayina ne, kowa na iya kawo nasa.

A fara da kaɗan. Kada a ce sai wadda ta fi kowacce girma a Afirka. A sayi daidai abin da za a iya ba wuta a kuma cika da aiki, a bar wurin ƙari. Galaxy Backbone na da cibiyoyin adana bayanai a Abuja da Kano, a fara duba abin da za su iya ɗauka kafin a tono sabon rami.

Ranar da aka amince da kuɗin sayen kaya, a amince da kuɗin wuta, gyara da albashi na shekara biyar tare, a ajiye su inda ba sai an bi layin sakin kuɗi kowane wata uku ba. TETFund na iya ɗaukar wani kaso, tunda jami'o'i ne za su fi amfana.

A rubuta dokar rabon lokaci a fili. Malami a Jami'ar Bayero, ko Maiduguri, ko Nsukka ya nema ta intanet, kwamitin masana ya duba aikinsa, a ba shi sa'o'insa, ba tare da ya san kowa a Abuja ba. Kowane ƙarshen shekara a wallafa wa ya yi amfani da ita, sa'a nawa, me ya fito. Sannan a gyara intanet ɗin jami'o'in, don ba amfanin rijiya ga wanda ba shi da guga.

A kuma tattara bayanan da na'urar za ta ci. Ma'aikatunmu cike suke da bayanan ruwan sama, na asibitoci, na amfanin gona, da yawa a takarda, gara na ci. Gidajen rediyonmu na da muryoyin Hausa, Fulatanci da Kanuri na shekaru aru-aru a kaset. Mayar da waɗannan cikin kwamfuta bai kai kuɗin na'ura tsada ba, zai ba matasa da yawa aiki, kuma ana iya farawa gobe, bisa kiyaye dokar kare bayanan jama'a ta 2023.

Abin da nake tsoro shi ne mu sake yin abin da muka saba: a ware biliyoyi, a yi biki, bayan shekara uku wani ɗan jarida ya je ya tarar da ƙofa a kulle da mai gadi yana shanya wanki. In haka ta faru, ba kuɗin kaɗai muka rasa ba. Duk wanda ya sake kawo maganar kashe kuɗi kan bincike, da wannan za a yi masa gori har shekara ashirin, kuma yaranmu masu basira za su ci gaba da tafiya inda na'urar take.

Malaman jami'a da injiniyoyin da ke bibiyata, musamman ku da kuka taɓa aiki da irin wannan na'ura a waje, ina son jin ta bakinku. Ku kuma abokan aikina na sashen kasafi da na sayen kaya, na san kuna karantawa kuna shiru, ku faɗa mana ta wace hanya za a kare kuɗin gudanarwar nan.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin abin da ya dace, Ya kuma sa mu ga alheri.