Gem ɗin da ya san ana buga shi

Duk gidan gem da ka leƙa a Gwallameji abu ɗaya ne, ƙwallo. In ba ƙwallo ba, GTA. Da an fara nuno labari sai ka ji "danna ya wuce malam, lokaci na tafiya". Na sani, kuɗi ake biya, ga wuta ba tabbas. Amma ni a ganina abin da muke tsallakewa ya fi abin da muke bugawa.

Akwai abin da malaman adabi ke kira fosmodanizim. Kada sunan ya ba ku tsoro. A gem, labari ne da ya san shi labari ne, har ya juyo ya yi wa mai riƙe da fad magana. A Metal Gear Solid na 1998, Psycho Mantis yana leƙa katin ajiyarka ya faɗi wasu wasannin da ka buga, kuma dabarar cin shi ita ce ka zare fad ka mayar rami na biyu.

Na biyun, na 2001, shi ya fi tsaya min a rai. Hideo Kojima ya tallata Snake, aka saya, sai ga Raiden. Kanal ɗin da ke ba ka umarni ashe ba mutum ba ne, na'ura ce, har ya ce ka kashe gem ɗin. Daga baya na'urar ta ce tarkacen bayanai sun cika intanet, don haka ita za ta tace wa mutane abin da za su gani. Shekara uku fa kafin a buɗe Facebook! Yau wa ke zaɓa mana abin da muke gani a TikTok?

Ba duka nake yabawa ba. Spec Ops: The Line na 2012 ya tilasta maka harin da ya ƙone fararen hula a Dubai, sannan ya dawo yana yi maka gori. Haba. Ka hana ni zaɓi kuma ka ɗora min laifi?

Mu ma ai ba baƙonmu ba ne. Mai tatsuniya in ya gama da bakinsa yake amsa cewa ƙarya ya shirga, ya fake da Gizo. 'Yan kimiyyar kwamfuta na Poly da ATBU, in za ku yi gem a furojet, ku sa Gizo ya zama mai ba da umarni, mu ga wa zai yarda da shi.