Jerin Waƙoƙin Yanayi: Manhaja Ba Ta Jin Hausa, Mai Waya Ne Ya Kamata Ya Tsara Abinsa

Duk wanda ya buɗe Boomplay ko Audiomack ko Spotify zai tarar an jera masa waƙoƙi rukuni-rukuni: na hutawa, na motsa jiki, na soyayya, na ɓacin rai. Abin da burgewa a ido. To amma matashin da ke Rano ko Kibiya, idan ya danna ɗaya daga cikinsu, da wuya ya ji abin da ya dace da halin da yake ciki. Ko dai a cika masa kunne da waƙoƙin Legas da na Amurka, ko kuma a jefo masa waƙar Hausa a inda ba muhallinta ba. Dalilin haka yana cikin yadda aka gina manhajojin, kuma maganin yana hannun mai wayar.

Hanyoyi uku ne manhaja ke bi ta yanke hukunci a kan waƙa. Na farko, tana duba bayanan da aka liƙa wa fayil ɗin, wato sunan mawaƙi da sunan waƙa da nau'inta. Na biyu, tana auna sautin, kamar saurin kiɗa da ƙarfinsa. Na uku, tana lura da ɗabi'ar masu saurare: idan mutane da yawa da suka ji wannan waƙa sun bi ta da waccan, sai ta ɗauka 'yan gida ɗaya ne. Waƙar Hausa kuwa tana shan ƙasa a duk ukun.

A ɗauki ma'aunin sauti. Bahaushe a baiti yake ajiye saƙonsa, kiɗa rakiya ne. Waƙoƙin soyayya na zamani da yawa kiɗansu na tashe ne, mai sa a girgiza kafaɗa, alhali mawaƙin kukan rabuwa yake yi. Kalangun Mamman Shata na iya zafi a waƙar yabo, ya kuma yi zafi a waƙar zambo ko ta gargaɗi. Na'urar da ke ƙirga bugun ganga za ta tattara su duka ta kira su waƙoƙin nishaɗi. Sai ga wanda aka yi wa kwacen budurwa ya nemi abin da zai ɗebe masa kewa, an miƙo masa abin da zai fama masa ciwo.

Ta fuskar ɗabi'ar masu saurare kuwa, matsalar ta fi girma. Da yawa daga cikin masu waya a garuruwa irin Rano da Kibiya ba a intanet suke jin waƙa ba. A shagon caji ake tura musu a memori, ko aboki ya turo ta Xender. Tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, wannan hanya ta ƙara samun hujja. Sai dai duk sauraron da aka yi ba tare da data ba, a manhajar da ba ta aika rahoto, ba ya shiga lissafin kowa. Kamfanin ya san abin da ake ji a Legas da Landan, bai san abin da manomi ke ji a gonarsa a Rurum ba. Wanda ba a ƙirga ba kuwa, ba a yi masa tanadi.

Abin da ake mantawa shi ne, Hausawa sun raba kiɗa bisa yanayi tun kafin a ƙera waya. Manoma suna da gangar noma da ke ƙara wa hannu ƙarfi ranar gayya. Mahauta suna da kalangu. 'Yan dambe suna da irin su Ɗan Anace da ke zuga su shiga fage. Mata suna da kiɗan ƙwarya na amada, wanda Barmani Choge ta ɗaukaka har rasuwarta a 2013. Fada tana da tambari da kakaki da algaita, kuma Rano, da take ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, ba baƙuwar wannan sauti ba ce a ranar hawan Sallah. Ga kuntigin Ɗan Maraya Jos don mai son ya zauna ya yi tunani a kan halin ɗan Adam, ga waƙoƙin bege don watan Maulidi. Wannan rabon ya fi na kowace manhaja dacewa da rayuwar nan, domin daga cikinta aka ciro shi.

Don haka abin da ya fi shi ne mai waya ya gina nasa jerin da hannunsa, kuma ya gina shi da folda a cikin memori. Jerin da aka yi a cikin manhaja kan iya ɓacewa ranar da aka goge ta ko aka yi wa waya filashin, amma folda tana bin memori duk wayar da aka saka shi. Biyar ko shida sun isa: ta aiki, ta tafiya a mota, ta karatu, ta biki, ta kwantar da hankali, ta bege. A gyara sunan kowace waƙa, a sa sunan mawaƙi a gaba, a daina barin fayil da lambobi ko sunan shafin da aka sauke shi. Manhajar VLC kyauta ce, kuma tana kunna folda kai tsaye. Wurin ajiya ma ba abin damuwa ba ne, domin waƙa mai matsakaicin inganci tana cin kusan megabait ɗaya a minti guda, wato waƙoƙi 100 masu minti biyar-biyar ba su wuce rabin gigabait da ɗan wani abu ba.

Foldar ɓacin rai ita ce ke buƙatar hattara. Babu laifi mutum ya ji waƙar da ta faɗi abin da ke ransa, hakan na rage nauyi. Amma wanda ya jera waƙoƙin yaudara talatin ya kulle ɗaki da su, ya haƙa wa kansa rami ne. Dabarar ita ce a tsara su kamar matakala: biyu ko uku na farko su yi daidai da damuwar, na tsakiya su zama na haƙuri, na ƙarshe su zama masu sa a tashi a wanke fuska. Manhaja ba za ta yi wannan ba, ita burinta a daɗe ana saurare.

Wani zai ce ai manhaja ce ke gabatar da sabbin mawaƙa, kuma ta nan ne mawaƙi ke samun ɗan abin da yake samu. Gaskiya ne. Waƙar da aka tura a shagon caji ba ta kai wa Hamisu Breaker ko Umar M. Shareef ko sisin kwabo. Saboda haka a raba aiki: idan akwai data, a saurari sabbin waƙoƙi a shafin mawaƙin na asali, a danna alamar so, a gina jeri a can ma a tura wa abokai, domin ta haka ne lissafin kamfanin zai fara gane akwai masu saurare a kudancin Kano. Tsofaffin kuma, irin su Ɗanƙwairo da Narambaɗa, a adana su a memori da sunayensu daidai, tunda ba kowace waƙarsu ke kan manhajojin ba.

Aikin ba zai wuce yammaci ɗaya ba. Wanda ya yi shi zai daina ƙona data wajen tsallake waƙoƙin da ba su shafe shi ba, kuma ranar da ƙaninsa ya gaji wayar, zai gaji waƙoƙin da sunayensu.