Ɗan Kasuwa Musulmi da Asusun Karɓar Kuɗi ta Kati

 

Tambayoyi sun yawaita daga 'yan'uwa 'yan kasuwa game da buɗe asusun kasuwanci domin karɓar na'urar POS, wadda mai saye yake sa katinsa a ciki ya biya kuɗin kaya. Wasu suna ƙyamar abin baki ɗaya, suna cewa duk abin da ya fito daga banki kuɗin ruwa ne. Wasu kuwa suna rattaba hannu a kan takardar da ba su karanta ba. A ganinmu, dukansu biyu sun kauce hanya.

Tun a 2012 Babban Bankin Nijeriya ya fara shirin rage mu'amala da tsabar kuɗi a Legas, ya faɗaɗa shi zuwa duk ƙasa a 2014. A farkon 2023, lokacin da canjin takardun naira ya jawo ƙarancin kuɗi, kowa ya ga yadda ciniki ya koma hannun masu na'ura, mai jiran tsaba yana zaune yana kallo. Ba maslaha ba ce Musulmi ya bar kasuwa saboda tsoron abin da bai bincika hukuncinsa ba.

Ya kamata mu san cewa katin iri biyu ne. Akwai wanda kuɗin mai shi ne ake cirewa daga asusunsa nan take, kuma shi ne ya fi yawa a hannun jama'armu. Akwai kuma katin bashi, inda banki yake biya wa mai saye, daga baya ya bi shi, galibi da ƙari idan ya jinkirta. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a shekarar 2000, ta yanke cewa bai halatta a bayar da katin bashi mai sharaɗin kuɗin ruwa ko a yi mu'amala da shi ba, ko da mutum yana da niyyar biya kafin wa'adi. Amma ta halatta ladan da banki yake karɓa daga mai shago, da sharaɗin ya sayar wa mai kati a kan farashin da yake sayar wa mai tsaba.

Saboda haka muna kira ga duk mai neman wannan asusu ya kiyaye abubuwa huɗu.

Na farko, gaskiya wajen cika takardu. Za a nemi rajistar kasuwanci ta hukumar CAC, da lambar BVN, da ta NIN, da adireshin shago. Kada wani ya ari sunan ɗan'uwansa, ko ya ɓoye irin kayan da yake sayarwa. Wannan yaudara ce, kuma ranar da aka sami matsala mai sunan ne zai amsa.

Na biyu, karanta yarjejeniya. Nawa ake cira a kowane ciniki? Yaushe kuɗin yake shiga asusu? Wa zai ɗauki asara idan mai kati ya musanta cinikin? Wasu kamfanoni sukan biyo mai na'ura da tayin rance mai ruwa bayan sun ga yawan cinikinsa, kuma a nan tarkon yake. Na'ura daban, rance daban. Bankuna marasa ruwa suna nan: Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021. A fara ƙwanƙwasa ƙofarsu.

Na uku, kada a ɗora wa mai saye ladan banki. A 2019 Babban Banki ya sauke wannan lada zuwa rabin kashi ɗaya cikin ɗari, iyakarsa naira 1,000. Mai shagon da yake cewa "ƙara ɗari biyu na POS" a kan kayansa ya saɓa wa sharaɗin malamai, ya kuma saɓa wa ƙa'idar Babban Banki da ta hana bambanta farashi saboda kati.

Na huɗu, masu sayar da zinariya da azurfa da 'yan canji, irin na Wapa a Kano, su yi hattara. Cinikinsu hannu da hannu Shari'a ta gindaya, shi ya sa wannan majalisa ta hana sayen waɗannan da katin bashi. Wajibi ne su tambayi irin katin kafin su karɓa.

A adana rasit, a rubuta kowane ciniki. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Muna kuma roƙon malamanmu su shigar da wannan babi cikin karatun kasuwanni, domin ilmi kafin aiki shi ne tafarkin magabata.

Allah Ya azurta mu da halal, Ya tsare mu daga haram. Wassalamu alaikum.